Kalmar da ba ta cikin jeri ita ce ke hayewa sama

Ka ce kana so XSLT, yaren da ake sarrafa fayilolin XML da shi, ya jera maka kayan da ke fayil ɗin XML yadda kai ka tsara, na gaggawa a sama, na yau su biyo, na jira a ƙasa, ba bin a, b, c ba. To ɗana zauna, tambayar nan ta fama min tsohon miki.

Inda ake saka xsl:sort, umarnin jerawa, ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda bai san wannan ba ai bai fara ba. Yadda muke yi a XSLT 1.0, ka rubuta kalmomin a layi ɗaya, |gaggawa|yau|jira|, ka sa wa kalmar | gaba da baya, ka yanko abin da ya zo kafinta da substring-before, ka auna tsawonsa da string-length. Gaggawa 0, yau 8, jira 12. Ka sa data-type ya zama number, in ba haka ba 12 zai riga 8 tunda a matsayin rubutu yake kallonsu.

Da wannan dabarar na yi wa wani alhaji mai rarraba kaya a Kano aiki, takardar lodi ce ke fita kullum da safe, yaran sito su bi ta daga sama su cika mota. Wata uku lafiya lau. Sai ya ɗauko sabon akawu, shi kuma yana rubuta Jira da babban baƙi, wani zubin har ya bar sarari a ƙarshe. In kalma ba ta cikin jerin, substring-before ba ya ce maka uffan, fanko yake dawo maka da shi, tsawon fanko kuwa 0 ne, daidai da gaggawa. Kayan jira suka haye sama suka cakuɗe da na gaggawa, motoci biyu suka tafi da abin da ba mai nemansa, wanda ya biya kuɗin gaggawa kayansa suka kwana a sito, ya soke cinikin. Alhaji ya kira ni gaban yaransa ya ce kwamfutata ce ta ja masa asara. Na kwana ina gyara, na nuna masa rubutun akawunsa baƙi da baƙi, ko kallo bai yi ba. Rabin kuɗina har yau yana hannunsa, kuma wallahi da aikin nawa ya ci gaba da lodi shekara da shekaru, abin da ya fi ci min rai ke nan.

Ku yaran yanzu ku kwafo layi a intanet, ku gwada da kaya uku masu tsabta, ku ce an gama. Ni ba haka na koya ba. Fara wanke kalmar da normalize-space ya cire sarari, da translate ya mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, sannan ka tambaya da contains ko tana cikin jerin, in babu a tsayar da aikin da xsl:message kowa ya gani.

In manhajar da ke gudanar maka da XSLT Saxon ce, XSLT 2.0 da ya fito a 2007 yana da index-of mai gaya maka matsayin kalma a jeri, ya fi sauƙi, amma shi ma abin da bai samu ba sama yake kai shi, don haka ka ajiye 99 a bayansa ya ja shi ƙasa. Manhajar xsltproc kuwa 1.0 kawai ta sani, duba wanne ke kan na'urar mai aikin tun kafin ka rubuta komai. Gobe ka zo min da fayil ɗin da ka ɓata kalma biyar a ciki da gangan, mu ga inda za su faɗa.