Ko sai ta karanta na Shakespeare kafin ta fara wannan?

'Yar'uwa, in na fahimce ki, tambayoyi biyu ne: ƙanwarki mai shekara 14 ta nace sai an saya mata littafin These Violent Delights, kina son sanin ko sai ta fara sanin labarin Romeo da Juliet na Shakespeare, kuma ko ya dace da shekarunta.

Ta farko mai sauƙi ce: a'a. Marubuciyar littafin, Chloe Gong, ta ɗauki ƙashin bayan labarin ne kawai, wato masoya biyu daga gidajen da ba sa ga-maciji da juna, ta ɗauke shi daga birnin Verona na Italiya ta kai birnin Shanghai na 1926. Gidajen sun zama ƙungiyoyin 'yan daba, ga kuma dodo a kogin Huangpu. Bayanin minti biyar kan labarin na asali ya ishe ta. Sai dai kada ta ɗauka ya maye gurbin na asali in za a yi musu jarrabawa a kansa, nan ne yara ke faɗuwa.

Ta biyun ce nake so ki nutsu a kai. Tambarin "na matasa" yana ruɗar manya. Akwai jini sosai a ciki: wata hauka ce ke sa mutane su yage maƙogwaronsu da farcensu. Kuma labarin bai ƙare a wannan littafin na 2020 ba, sai a Our Violent Ends na 2021, don haka ki shirya kuɗin biyu.

Ki karanta babi uku na farko da kanki, ko ki tambayi malamar adabinsu. In kuwa yarinyar tana fama da damuwa ko ta taɓa maganar cutar da kanta, ajiye littafin tukuna, ku ga likita.