Tsohon lens ɗin kawunka zai hau, amma kar ka kai shi biki tukuna

Kai yaro na ga saƙonka, wai tsohon lens ɗin da ka tono a akwatin kawunka mai rubutun Helios 44-2 ko zai hau kyamara Sony a6000 ɗin shago. Zai hau mana, amma sai da adafta. Ɗan Rasha ne tun zamanin Sobiyet, da kyamarar Zenit yake zuwa, gindinsa murɗawa ake kamar murfin kwalba, shi ake ce wa M42. In ka shiga Kano ka nemi adafta M42 zuwa NEX, wato bakin kyamarar Sony, zoben ƙarfe ne kawai ba gilashi ba waya, aikinsa cike tazara, don lens ɗin yana son zama nesa da sansa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, da milimita 45 da rabi, ita kuwa Sony 18 ce tata. Shi ya sa kar ka taɓa min Nikon ɗina da shi, tata tazarar 46 da rabi ce ta wuce, duk abin da ke nesa dishi-dishi zai fito.

Kana ɗaurawa za ta ƙi ɗauka, a ganinta ba lens, sai ka shiga menu ka kunna Release w/o Lens, ka mayar da ita A, wato kai ke zaɓar afacha ita ta daidaita sauran, ka kunna peaking ka zaɓi ja, duk inda jan ya kwanta nan fokas yake. Afacha kuma, wato ƙofar da haske ke shiga, a jikin lens ɗin take, zobe biyu ne a gaba, ɗaya ka saita lamba ɗaya ka rufe.

To nan ne aikin, hannunka ne fokas yanzu. Ni na sha kunya da irinsa a wani kamu can wajen Ringim, na buɗe afacharsa har ƙarshe a lamba 2 saboda ɗakin duhu, amarya ta ɗan sunkuyar da kai kaɗan, na koma gida na duba kwanukan jeren bayanta sun fito tas har ana ganin zanen fure, fuskarta kuwa kamar an shafa mata man shanu, wallahi uwar ɗakinta har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau. Kuma lens ɗin nan mai milimita 58 ne, a kan a6000 kamar 87 yake zama, wato jawo abu kusa yake yi, a ɗakin ƙauye sai ka manne da bango ba ka samu mutum uku ba. Na hoton mutum ɗaya ne a waje bayan la'asar, nan kam bayan mutum har wani juyawa yake kamar guguwa.

Kafin ka kashe kuɗin adafta haska shi da tocilan waya, in ka ga zare-zare fari kamar yanar gizo a ciki fumfuna ce, ka kawo min in gani. Kuma da hunturun nan kar ka kuskura ka canza lens a fili, cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa.

Ranar kasuwa ka je kara ka saka afacha 5.6 ka bi awaki, hoto hamsin nake so, idon akuya zan duba.