Wa Zai Riƙe Akwatin Kira?

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na fahimci abin da ya dame ka. Ka ce mata shida sun yi rajista domin koyon farautar talotalon daji a wannan bazarar, babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa riƙe bindiga, kana kuma tambaya ko ya fi dacewa ka ɗauke musu wahala, wato kai ka nemo wurin, kai ka yi kiran da ake jawo tsuntsun da shi ta kwaikwayon kukan macensa, su kuwa su zauna a gefenka har tsuntsun ya matso su ja kunama. Hujjarka ita ce wadda ta koma gida da talotalo a kafaɗa za ta dawo baɗi, wadda kuwa ta koma hannu rabbana ba za a sake ganinta ba. Ni ma haka na ɗauka lokacin da na fara wannan sana'a a dazuzzukan jihar Mizuri ta Amurka, kuma sai da ɗalibai da dama suka suɓuce mini kafin na gane cewa lissafin ba haka yake ba.

Matar da ka nemo wa wuri, ka yi mata kira, ka raɗa mata lokacin harbi, abu guda ta koya a wunin nan, shi ne cewa ba za ta iya shiga daji ba sai da kai. Baɗi idan ba ta same ka ba, ko kuɗin jagora ya gagare ta, bindigar za ta kwana a akwati har ta yi tsatsa. Wannan matsala ba sabuwa ba ce a Amurka. Malama Christine Thomas ta Jami'ar Wiskonsin da ke Stevens Point ta bi diddigin abin da ke hana mata shiga farauta da kamun kifi, ta tarar yawancin shingayen suna komawa ga rashin wurin koyo, domin ɗa namiji yakan tashi yana bin ubansa ko kawunsa daji, 'yar'uwarsa kuwa a bar ta a gida. Daga nan ta kafa shirin Becoming an Outdoors-Woman a 1991, wanda ya bazu zuwa jihohi masu yawa. Ƙungiyar kare talotalon daji ta ƙasa, NWTF, wadda aka kafa a 1973, ita ma ta buɗe nata shirin mata a 1998. Abin da matan nan shida suka biya kuɗi dominsa shi ne ilimin da aka tsallake su a kansa tun suna yara, nama kuwa yana nan a kowane kanti.

Ka fara da bindiga, domin a nan na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. A shekarata ta biyu na miƙa wa wata ma'aikaciyar jinya bindigata mai lamba 12, da harsashi mai tsawon inci uku da rabi, irin wanda ni kaina nakan cije haƙora kafin in harba. Gindin bindigar an yanka shi ne daidai da hannun ƙaton namiji, saboda haka ya zame daga lungun kafaɗarta ya sauka a kan damtse, kumatunta kuma bai kwanta a kan katakon ba. Harbi ɗaya ta yi a filin gwaji. Ba ta yi ƙorafi ba, ta yi murmushi ta ce ba komai, amma na ga yadda ta riƙa runtse ido tun kafin ta taɓa kunama a karo na biyu, washegari kuwa ta aiko cewa aiki ya riƙe ta. Na daɗe ina cewa ba ta da zuciyar abin, alhali ni ne na ba ta kayan da ba nata ba.

Saboda haka ka samo masu lamba 20, ka tuna cewa a wannan lissafi gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar bakin bindiga da sauƙin naushinta. Yawancin bindigogin kanti tazarar da ke tsakanin kunama da ƙarshen gindi takan kai inci 14 ko fiye, mata da yawa kuwa wajen inci 13 ya fi zama musu daidai, don haka ka auna kowace ɗaya a zaune, da rigar sanyin da za ta sa a daji, domin a zaune ake harbin talotalo. Da harsashi marar ƙarfi za su yi atisaye, kunnuwa a toshe, har hannu ya saba. Ka kuma gwada idon kowacce kafin komai: ta haɗa tafukanta ta bar 'yar kafa, ta leƙa wani abu mai nisa da ido biyu, sannan ta jawo hannun zuwa fuska, idon da kafar ta sauka a kansa shi ne mai jan ragama. Na sha samun 'yar dama wadda idonta na hagu ne ke jagora, kuma irin wannan za ta yi ta kuskure a gefe guda tana zargin kanta, alhali maganin bai wuce ta koma kafaɗar hagu ko a ɗora mata madubin saiti ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace mace ta zana kai da wuyan talotalo a takarda da hannunta, ta harba daga yadi 20, da 30, da 40, ta je ta ƙirga da kanta ramukan da ƙananan ƙwayoyin cikin harsashin suka huda. Ma'aunin da yawancinmu ke bi shi ne ƙwaya ɗari a cikin da'ira mai faɗin inci goma, inda ƙwayoyin suka gaza haka kuwa nan ne iyakar bindigarta, ko da tsuntsun ya tsaya yana kallonta. Za ta kuma ga da idonta cewa a kusa sosai ƙwayoyin suna tafiya a dunƙule kamar dunƙulen hannu, shi ya sa ake kuskuren talotalon da ke taki goma. Kai da wuya ake nema, domin fukafukan tsuntsun da ya kai kilo tara ko goma suna tare ƙwayar da ta bugi jiki, ya tafi da rauni ya mutu inda ba mai amfana.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Akwatin kira ka ba su, wannan ɗan akwatin katako mai murfi da ake gogawa da alli, domin cikin rabin sa'a mutum yake fitar da kukan macen talotalo da shi, saɓanin abin kiran da ake sawa cikin baki wanda yake ɗaukar makonni, har yakan sa wasu kakarin amai. Ka raba musu tun makonni biyu kafin a buɗe farauta a watan Afrilu, su je gida su dami maƙwabta. Amma ka bayyana musu dalilin kiran, wanda ya fi sautin muhimmanci. A ɗabi'ar tsuntsun, namiji ne yake kuka daga kan bishiyar da ya kwana, ya sauko da wayewar gari ya baza wutsiya, mata su zo wurinsa. Mu kuwa muna roƙonsa ya saɓa wa ɗabi'arsa ya tako zuwa wurin mace, shi ya sa yakan zo yadi 70 ya toge, yana kai da komo yana jiran ta fito. A daidai wannan lokaci hannunka zai yi ƙaiƙayi, za ka so ka fizge akwatin daga cinyarta. Kada ka yi. Ka bar ta ta yanke shawara ko ta ƙara kira ko ta yi shiru ta ɗan karci ganye da hannu kamar mace tana kiwo, idan kuma ya juya ya tafi, ku zauna a wurin ku tattauna abin da ya faru tun yana da zafi a ranta.

Batun tsaro kuwa ba na sassauta shi ga kowa. Maharbin talotalo yana sanye da kayan da suka saje da daji, yana kuma kwaikwayon kukan abin da wasu maharba ke nema, ka ga ya haɗa haɗari biyu a wuri ɗaya. Kan namijin talotalo yana rikiɗa tsakanin ja da fari da shuɗi, don haka ko safa ko hankici ko wuyan singileti mai ɗaya daga cikin launukan nan ba zai shiga daji ba, kuma ka duba da kanka a bakin mota. Kowacce ta jingina da bishiyar da ta fi kafaɗunta faɗi. Idan ta hango wani maharbi yana matsowa, kada ta ɗaga hannu, kada ta motsa, ta ɗaga murya ta yi magana irin ta mutane. Ba a bin kuka da sanɗa, domin mai kukan yana iya zama mutum. Ka san yadda maharban gida suke ɗaura kan burtu a goshi su rarrafa cikin ciyawa har su kusanci nama. A nan ma wasu suna rarrafe a bayan bazazziyar wutsiyar talotalo, kuma dabarar tana ci, sai dai a dajin gwamnati da kowa ke shiga da bindiga, wanda ya mai da kansa talotalo ya kira wa kansa harbi, har wasu jihohi sun haramta ta. Kada ɗalibarka ta gan ta a hannunka.

Sauran ilimin daji a tafe za ka koyar da shi, ranar da kuka fita duba wuri. Ka nuna musu sawu, da inda aka tone ganye ana neman 'ya'yan itace, da gashin da ya zuba ƙarƙashin bishiyar kwana, ka bar ɗaya ta yi kukan mujiya da asuba ta ji namiji ya amsa daga ƙetaren kwari. Taswira da kamfas su kasance a hannunsu, su ne za su mai da ku mota, domin waya takan rasa sabis a cikin tsaunukan Ozak na kudancin Mizuri. Kaska tana da yawa a watan Afrilu kuma tana ɗauke da cututtuka, saboda haka a fesa wa tufafi magani tun kwana guda kafin fita, a cusa ƙafar wando cikin safa, ka kuma nuna musu tsiron nan mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi kafin wata ta zauna a kansa. Akwai tambayoyin da mace ba za ta yi maka ba, kamar yadda za ta kewaya a daji da makamantansu, don haka ka nemi wata maharbiya ta taya ka, ko da za ka raba ladan da ita. Miji ko wa da ya rako kuma ka ba shi shayi ya jira a sansani, domin na lura mace takan daina tambaya da zarar nata ya fara amsawa a madadinta.

Za su tambaye ka dalilin yawan dokoki, kuma ya kamata ka iya amsawa. A farkon shekarun 1950 talotalon da ya rage a duk faɗin Mizuri bai kai 2,500 ba, saboda sare daji da harbi ba ƙaidi. An gwada sakin na gida, suka kasa rayuwa, sai da aka koma kama na daji da raga ana kai su wasu yankuna tun daga 1954, har aka iya buɗe farautar bazara a 1960. Kuɗin irin wannan aiki yana fitowa daga lasisi da kuma harajin da dokar 1937 ta ɗora a kan bindigogi da harsasai, wato kowace ɗaya daga cikin shidan nan ta riga ta sa hannu a ciki. Dokar bazara ta halatta namiji ne, ko tsuntsun da ake ganin gemunsa a ƙirji, domin a lokacin mata suna shirin kwanci a kan ƙwai goma zuwa goma sha biyu na kwana 28.

Shekaru uku da suka wuce na zauna bayan wata dattijuwa mai jikoki, ita ke kira. Wani namiji ya amsa mata sau huɗu, sannan ya yi tsit na kusan minti ashirin, can sai muka ji ƙarar fukafukansa suna jan ƙasa a bayan wani kurmi. Ya leƙo da kai kawai, jajir, a tazarar da ba ta wuce yadi 25 ba, ina ganin bakin bindigarta yana rawa daidai da numfashinta. Ba ta harba ba. Da ya wuce ta juyo ta ce ba ta ga gemu ba, kuma ba ta san abin da ke bayan kurmin ba. A ƙarshen makon ta koma wurin ita da 'yarta ba tare da ni ba, ta zauna can gefe inda kurmin ba zai tare ta ba, da hantsi sai ga hoto a wayata.

Idan Allah Ya ba wata daga cikin naka sa'a, ta mai da makullin bindiga kafin ta miƙe, ta taka zuwa wurin tana kiyaye tsinin da ke bayan ƙafarsa, domin yana yanka hannu lokacin da tsuntsun ke shure-shure. Musulma ta ambaci sunan Allah yayin harbi, ta kuma yanka idan ta tarar da sauran rai. Ita za ta cike takardar lasisinta ta sanar da hukuma a ranar, ita za ta fiɗe, kai naka nuni da yatsa. Ka sanar da ni ranar da za ku je filin gwaji, zan zo da bindigogina biyu masu gajeren gindi da akwatunan kira huɗu, sauran biyun ka nemo.