Kawu, ga dalilin da ya sa muke haya a garin da aka haife mu

Kawu, ina gaisuwa da fatan iyali lafiya. Tambayarka ta iso ni: wai ta yaya mutum za a haife shi a Agege ta Ikko (Legas), ubansa ya tsufa a Agege, kakansa yana kwance a maƙabartar Agege, amma har gobe yana biyan haya? Har ka ce ko mu Hausawan Ikko hannunmu ne ba ya riƙe kuɗi. Ba haka ba ne, ranka ya daɗe.

Goro da shanu ne suka kawo kakanninmu, musamman bayan layin dogo ya haɗe Ikko da Kano wajen 1912. A Zangon wancan zamani bafatake ba ya neman ɗakin haya. Gidan fatoma yake sauka, a ba shi makwanci da abinci, a ajiye masa kaya da kuɗi, shi kuma maigida ya ci la'adarsa idan ciniki ya faɗa. Waɗannan masu saukar baƙi su ne suka karɓi filaye daga hannun Yarbawa masu ƙasa suka yi gini. Sauran jama'a kowa yana ganin nema ya zo, gobe zai koma. Duk abin da aka samu sai a aika Arewa a zuba a gini. Ku ne shaida, Kawu: gidaje nawa ne a unguwarku na mutanen Ikko, ƙofa a kulle shekara da shekaru, sai ranar biki ko rasuwa ake share su?

To, 'ya'yan da aka haifa a nan ba su koma ba. Yarbanci a bakinsu kamar Hausa, makarantarsu a nan, sana'arsu a nan. Gidan uba yana Kano, rayuwar ɗa tana Legas. Wanda ma ya yi sa'a kakansa ya bar gida a Zango, in aka raba gado tsakanin 'ya'ya da jikoki, da ƙyar ya tsira da ɗaki ɗaya. Daga nan sai rigima, sai a sayar, kowa ya karɓi abin da ba zai sayi ko rabin fuloti a Agege ba.

Ga yadda neman ɗaki yake a yau. Eja, wato dillalin gidaje, ba zai taka ƙafarsa ya nuna maka gida ba sai ka biya kuɗin dubawa. In ɗakin ya yi maka, hayar shekara guda ce cif a dunƙule, a ɗora kuɗin eja, a ɗora kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, galibi kowanne kashi 10 cikin 100, sannan kuɗin ajiya ko da za ka yi ɓarna. Ɗakin kuma irin na dogon gidan nan ne mai ɗakuna suna kallon juna, banɗaki ɗaya, da asuba kowa da bokitinsa a layi. Wani mai gidan da ya ji sunanka sai ya ce an riga an kama, don yana ganin in ya ba Bahaushe ɗaya, goma ne za su kwana. Ba ya bambance haifaffen Legas mai iyali da ɗan ci-rani da ke haɗa kuɗi da abokansa su raba tabarma.

A nan ne muke samun saɓani da dattawanmu. Su suna cewa samarin yanzu girman kai ke damunsu, sai ciki da falo mai tayil, alhali su a ɗaki ɗaya suka yi aure. Amma su ɗin ne dai, in aka zo neman 'yarsu, uwar amarya za ta aika a auno ɗaki a ga ko zai ɗauki gado da kujeru da jere. Samari kuma suna cewa lokacin da fili yake araha an ƙi saya, yau an bar su da jidali. Ni dai a ganina samarin sun fi gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta faɗi, siminti ya tashi, masu gidaje suka bi sahu da ƙarin haya. Ba irin lissafin da dattijo ya sani ba ne.

Gwamnati fa? Dattawa har yau Jakande suke ambato, wanda ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983 ya gina rukunonin gidaje masu sauƙin kuɗi, irin na Abesan da ke Ipaja kusa da mu. A 2011, zamanin gwamna Fashola, an yi dokar da ta hana karɓar hayar sama da shekara guda daga sabon ɗan haya. Doka ce mai kyau a takarda, amma wa zai kai mai gida kotu alhali mutum biyar na bayansa da kuɗi a hannu? A 2016 gwamna Ambode ya fito da tsarin haya har ka mallaka: ka ajiye kashi 5 cikin 100, saura ka biya cikin shekara 10. Sai dai ana neman katin LASRRA na mazauna jiha, da shaidar biyan haraji, da hujjar abin da ke shigo maka duk wata. Dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 ko mahauci a mayankar Oko-Oba yana iya juya kuɗin da ya fi albashin ma'aikaci, amma cinikinsa na hannu da hannu ne, ba takarda. Tsarin bai ce ban da mu ba, amma ba da irinmu aka auna shi ba.

Lokacin zaɓe 'yan siyasa kan zo fadar Sarkin Hausawa, a yi hoto, a raba shinkafa da atamfa. Abin da manya suka saba roƙo shi ne a bar mana kasuwa da masallaci, kuma ba laifinsu ba ne, ganin yadda aka ba 'yan kasuwar Alaba Rago wa'adin tashi a 2022. Maganar muhalli kuwa ba ta cika hawa teburin ba.

Shi ya sa yanzu masu ɗan ƙarfi cikinmu suke haɗa adashi su sayi fili a Agbado, Sango Ota ko Ifo, can cikin jihar Ogun, su yi ta fama da 'yan omo onile, wato masu iƙirarin filin gadonsu ne, masu karɓar kuɗi a kan harsashi da kuma rufi. Sabon jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2024, daga Agbado ya ratsa Agege zuwa Oyingbo, ya ƙara wa mutane ƙwarin gwiwa. Abin da ke damuna shi ne duk wanda ya tare can, sannu a hankali ƙuri'arsa ma can za ta koma. Sarauta da kasuwa suna Legas, matasa masu iyali suna Ogun, kuma ban ga wanda ya zauna ya yi wannan lissafin a cikin shugabanninmu ba.

A gaida Inna da yara.