Amsa ga kaninmu sabon dan kwana-kwana kan ruwan da ya kara wa wuta fadi

Wa alaikumus salam kanina, Allah ya yi wa aikinka albarka. Kace kai sabon dauka ne, kunje gobarar wani shago kun sakar mata ruwa sai ta kara fadi ta biyo ku har bakin titi, alhali ruwan nan ne ya kashe muku ta wani gida kwana biyu kafin nan, kana tambayar me ya bambanta su. Toh bari in baka abinda na gani a dadewar da nayi rike da tiyo a garin nan na Zariya.

Abinda nake so ya fara zama maka a kai, ba katakon ko man da kake gani bane yake ci, tururin da zafi ke fitarwa daga jikinsu ne yake haduwa da iska ya kama. Itace sai ya sha zafi sosai kafin ya fara fitar da nasa, shi yasa ruwa ke maganinsa, kana sanyaya shi ne ya daina fitarwa. Shi kuwa fetur baya jiran zafi, ko a sanyin da ya kai digiri 40 kasa da sifili yana fitar da tururin da zai kama, balle a Zariya cikin watan Afrilu. Kuma tururin yafi iska nauyi, kasa yake bi ya shiga kwata ya gangara lambatu har ya iske rishon mai shayi can gefe, wutar ta biyo sawunsa ta dawo kan jarka. Ina kyautata zaton shagon da kukaje akwai jarkokin mai a ciki, dama da yawa basa fada sai an tambaya, wani ma ko an tambaya. Fetur baya gauraya da ruwa, samansa yake hawa, duk inda ruwanku ya kwarara yana bisa yana ci. Wannan aikin kumfar kashe gobara ne, kuma ba a harba ta tsakiyar man, bango ko jikin tanka ake bugawa ta gangaro a hankali ta lullube shi. Hodar kashe gobara tana kashe harshen wutar nan take amma bata sanyaya karfe, kana juya baya sai ta sake tashi. Abinda ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu wajen kwasar man tankar da ta fadi, duk wanda ke wajen cikin tururin yake tsaye. Don haka in tanka ta fadi a Kwangila ko Dan Magaji nan Zariya, korar jama'a da kashe inji da hana kunna komai shi ne aikin farko tun wuta bata tashi ba.

Kananzir sai ya kai wajen digiri 38 yake fara wannan tururin, dizal kuma sama da 50, man jirgin da 'yan uwanmu na kwalejin jiragen sama ta Palladan ke atisaye a kansa ma dangin kananzir ne. Amma kar ka saki jiki dasu, in suka zuba kan janareto mai zafi ko suka jika buhu kamawa suke, kuma in suka kama sun fi wuyar hucewa.

Gas din girki shima kasa yake kwanciya, lita daya ta ruwansa tana zama wajen lita 250 in ta fita silinda, kuma kashi 2 cikin dari kacal a iskar daki ya isa ya tashi. In kun ji wari babu wuta, ba mai taba makunnin lantarki, a bude kofofi a fita. In kuwa yana ci a bakin silinda kar ka yi gaggawar kashewa sai ka tabbata zaka iya rufe kan, don in ka kashe gas din na cigaba da fita ka tara wa kanka abinda yafi na farko. Ka labe bayan bango kana sanyaya jikin silindar. Man gyadan masu tuyar kosai da awara kuwa wallahi ko kofi daya kar a zuba, ruwan yana nutsewa kasan kasko ya zama tururi ya ninka wajen sau 1,700 ya watso man sama yana ci. Murfi ake dorawa a kashe risho a barshi ya huce da kansa.

Amma inda nafi jin tsoro a kanku sabbin dauka shi ne cikin daki. Dakin yanzu katifar soso ne da kujerun kushin da labule da silin roba, duk daga fetur aka yi su. Wuta zata fara a kusurwa karama, hayakinta ya hau ya taru karkashin silin yana kauri yana saukowa, zafinsa yana gasa duk kayan da ke kasa suna fitar da nasu tururin, in saman ya kai digiri 500 zuwa 600 sai dakin ya kama gaba daya cikin 'yan dakikoki, abinda ake koya muku da sunan fulashoba. Tana nuna alama. Zaka ga harsunan wuta suna yawo cikin hayakin sama, zaka ga kujerar da wuta bata taba ba tana hayaki, zafi ya danne ka sai ka durkusa. A nan ka rika harba ruwa gajere gajere cikin hayakin sama, in bai sauka ba ku fice, babu kayan da suka kai ranka.

Sai shagon da ke kulle da kofar karfe, irin na kasuwar Sabon Gari da tsakar dare. Iskar da wuta ke bukata kashi 21 ce cikin dari na iskar da muke shaka, in ta ragu zuwa wajen 15 harshen zai kwanta amma zafin da tururin suna nan cunkushe. Ka duba kasan kofa, hayaki ruwan kasa yana fita yana komawa kamar mai numfashi, kofar da zafi. Lokacin ne mai shago da jama'a zasu taso da guduma suna cewa kun tsaya kallo. Ka tausaya masa, dukiyarsa ce, amma kar ka bari a balle, iska na shiga wuta zata yo waje da karfi ta kwashe duk wanda ke gaban kofar. A fara huda sama zafin ya fita, tiyo na cike da ruwa, kowa a gefe. Kuma ka tura wani ya duba silin shago na uku da na hudu, don a layin kasuwa ta tsakanin silin da kwano take gudu, musamman da hunturu da komai ya bushe ga iska.

A cikin birni kuma matsalar soro ce, azara tana ci a boye cikin kasa, ruwan da kuka zuba ya kara wa rufin nauyi, sai ya rufto bayan kowa ya dauka an gama. Dilar auduga ma haka take, waje ya mutu ciki yana ci, sai an warware ta an jika. Hayakin soso da roba akwai guba a ciki da ke sumar da mutum kafin wuta ta iso shi, jikakken hankici baya tare ta, in akwai tukunyar numfashi a motarku ka goya.

Lantarki ka sani, sai an cire kafin ruwa. Amma yanzu gidaje sun cika da sola, cire fis din mita baya kashe farantan da ke kan rufi muddin akwai rana, kuma batirin litiyam yana iya sake kamawa bayan awanni. In kun kashe shi ku fitar dashi fili nesa da kaya, a bar mutum yana kallonsa. Allah ya tsare mana ku.