Allon Osilosikof ɗin Mahaifina Ya Dushe, Ko Zai Gyaru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana gyaran rediyo da talabijin a Jidda, kuma cikin kayan da ya bari akwai osilosikof, wato na'urar da ke zana siginar lantarki a matsayin layi a kan allo, ƙirar Amurka ta shekarun 1970, wadda tun ina yaro nake tsayawa kallon koren layinta yana rawa. Da na kunna ta kwanan baya, sai layin ya fito dushi-dushi, ga ƙauri, ga wata ƙara kamar ana tsaki. Shin kwalbar allon ce ta mutu?
Mai karatu, daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya gafarta wa mahaifi. Tunda layi ya fito, ko da dushi-dushi ne, kwalbar tana da rai, saboda haka kada ka yi gaggawar yanke mata hukunci.

Irin wannan kwalba, wadda Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙirƙiro a 1897, tana harbo ƙwayoyin lantarki ne daga wuyanta zuwa kan hodar fosfo da aka shafa a cikin gilashin, kuma ba ta haske sai da wuta mai ƙarfin gaske. A na'urori irin su Tektronix 465, wadda ta fito a 1972, ƙarfin ya haura volt 10,000. To, a gari kamar Jidda, inda laimar Bahar Maliya ke haɗuwa da ƙura ta daskare a kan wayoyi, wannan wuta takan sami hanyar sulalewa, kuma ita ce tsakin da ka ji da ƙaurin da ka shaƙa. Idan ta ragu, layi ya dushe. Mun sha ganin na'urar da aka fid da rai da ita ta farfaɗo bayan an goge sashen wutar mai ƙarfi da sifirit, an bar shi ya bushe sarai.

Abu na biyu shi ne kafasitoci, wato 'yan kayan cikin na'urar da ke tara wutar lantarki. Ruwan da ke cikinsu yana ƙafewa da tsufa, zafi kuma yana gaggauta hakan, har ka ga wata ta kumbura ko ta zubar da wani farin gari a gindinta. Canza su ba shi da tsada. Kafin ka sake jona na'urar kuma, duba maɓallin baya ko yana kan volt 115 ko 230, domin tsofaffin gidaje a Saudiyya sukan haɗa soket na 127 da na 220.

Ba na ba ka shawarar ka buɗe ta da kanka, domin wuta takan zauna a ciki ko bayan an zare filogi. Nemi dattijon da ya yi zamanin talabijin mai ƙeya, wanda ya san yadda ake sauke wutar kafin a sa hannu. Masu gyaran wayar salula, duk da ƙwarewarsu, ba fagensu ba ne.

Idan ta tashi, kada ka ƙure hasken, kada kuma ka bar ɗigo guda tsaye a wuri ɗaya, domin yakan ƙona fosfon ya bar tabon da ba ya goguwa. Kwalbar kuwa an daina ƙera irinta, sai dai a ciro daga wata na'urar da ta mutu.