Filin Tambaya da Amsa: Jigo da Alama a Waƙa, Zube da Zane

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, sau biyu ana ba mu waƙa a ce mu fito da jigonta, sau biyun malaminmu yana rubuta mini "wannan labari ne, ba jigo ba". Ina kuskuren yake?
Daga wata ɗalibar kwalejin ilimi, Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam, malama. Abin da kika yi shi ne bin waƙar baiti-baiti kina faɗin abin da ke ciki. Wannan aikin yana da sunansa, jigo a gajarce, kuma ana bukatarsa, sai dai ba shi aka tambaye ki ba. Jigo shi ne saƙon da ya tashi mawaƙi tsaye.

Ki karanta waƙar sau uku. Karatun farko da baki, ba biro a hannu. A na biyu ki ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ta dawo sau uku ko fiye, tare da danginta na ma'ana: in kin ga garma, damina, rumbu da taki suna ta zagayowa, kin san fagen da ake. A na uku ki nemi furucin jigo, wato baitin da mawaƙi ya faɗi nufinsa da bakinsa. A rubutacciyar waƙa yakan zo bayan yabon Allah da salati, wani lokaci kuma sai dab da rufewa. A nan ɗalibai da yawa ke zamewa, da sun ga basmala sai su ce jigon addini ne. Mabuɗi ne na al'ada, waƙar siyasa ma da shi take farawa. In waƙar baka ce, ki saurari amshi, sau da yawa shi ke ɗauke da kayan.

Kada ki tsaya a kalma ɗaya. "Noma" fage ne kawai. "Jan hankalin matasa su koma gona su bar zaman kashe wando a birni", wannan ne jigo. Sannan ki auna shi da ƙirga: waƙa mai baiti 30, in abin da kika kira babban jigo bai taɓa fiye da baiti shida ba, ƙaramin jigo kika kama, babban yana nan bai fito ba.

Tambaya: Malam, ta yaya zan gane abu alama ce, ba abin kansa kawai marubuci yake nufi ba? Ɗalibaina duk bishiyar da suka gani a littafi sai su ce tana nufin rayuwa.
Daga wani malamin sakandare, Azare

Amsa: Malam, fara raba musu abubuwa uku da suke cakuɗawa. In an ce "sarki kamar zaki yake", kamantawa ce, ga kalmar kamar ko tamkar a fili. In an ce "sarki zaki ne", siffantawa ce, an ambaci ɓangarorin biyu. In kuwa makaɗi ya ce zaki ya fito dawa ta yi tsit, bai ambaci sarki ba amma kowa a fada ya san wa ake nufi, to wannan ce alamtarwa. Alama ita kaɗai take tsayawa, mai sauraro ne ke kawo ɗaya ɓangaren.

A zube kuwa, wato rubutun labari wanda ba waƙa ba, gwaji uku za ka koya musu. Na farko maimaituwa: abin da ya bayyana sau ɗaya ya wuce, kayan ɗaki ne. Na biyu wuri: a ina yake fitowa? A ce akwai rijiya a wani labari. In ana ɗibar ruwa ne kawai, rijiya ce. In kuwa a bakinta aka yi alkawari, a bakinta aka saɓa shi, ranar da gidan ya watse kuma ta ƙafe, to marubuci ya ɗora mata kaya. Na uku musanya: a sa famfo a madadin rijiyar. In labarin bai yi asarar komai ba, ba alama ba ce. In ya yi asarar zurfi da duhu da tsufa, waɗannan siffofin su ne ma'anar, kuma daga su za a fara sharhi.

Gwada wannan da Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar ƙaga labarai ta 1933. Tauraron labarin, Alhaji Imam, ya fita nemo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma kaso mafi tsoka na littafin tafiya ce da ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe. Ruwan shi ne sanadin fita, shi ne kuma ƙarshen tafiya, kuma ba ya musanyuwa da ruwan randa, domin wuyar samunsa ita ce darajarsa. Ɗalibin da ya ce alamar buri mai wuyar cimmawa ne, yana da hujja. Wanda ya ce alamar tsarki ne don kawai ana alwala da ruwa, daga waje ya shigo da ma'anar.

Shigo da ma'ana daga waje shi ne ciwon da ya fi yawa, musamman ga masu haddace jerin alamomi daga intanet. A adabin Turai mujiya alamar hikima ce. A wajen Bahaushe mai baƙin jini ce, tsuntsaye ma tsangwamarta suke yi in ta fito da rana. Wayo a tatsuniya na Gizo ne da dila, malamin daji, haɗama da tsoro kuma na kura. Launi ma ba ya zama a ma'ana ɗaya: farin da ke cikin farin ciki da farin jini shi ne dai launin likkafani, ja kuma yana iya nuna jarumta kamar a jan wuya, ko tsanani kamar a jan aiki. Wani tarkon ma rubutu ne ke ɗana shi, tunda ba ma sa alamar karin sauti: fari na launi da fari na rashin ruwan sama iri ɗaya ake rubuta su. Ɗalibin da bai furta baitin da baki ba yana iya cika shafi guda da sharhin tsarkin zuciya alhali mawaƙi kukan damina yake yi.

Tambaya: An ba ni aikin rubuta sharhi kan zanen bangon gidajen gargajiya da aikin babbar riga. Ko kowane zane yana da ɓoyayyar ma'ana?
Daga wani ɗalibin sashen zane-zane, Zariya

Amsa: A'a, ba kowane ba. Ka fara da bayanin abin da ido ya gani kafin fassara: siffar zanen, girmansa, yawansa, wurin da aka sa shi, da abin da aka yi shi da shi. A bango, an tayar da shi ne da laka, ko an karce shi a ɗanyen siminti, ko fenti ne? A riga, zaren alharini ne ko na auduga, aikin hannu ko na keke? Sannan ka tambayi aikinsa. Indararo ruwan sama yake zubarwa, ba sai an nema masa falsafa ba.

Bayan haka ka je wurin magina da maɗinka ka karɓi sunayen daga bakinsu: aska biyu, aska takwas, tambari, dagi. Amma ka lura, suna ba ma'ana ba ne. Aska takwas an kira ta haka don tsinin zanen ya yi kama da aska, ba don mai rigar wanzami ba ne. Abin da take sanarwa shi ne yawan aiki da tsada, wato matsayin mai sanye da ita. Haka adon bango: ya fi taruwa a fuskar zaure da kewayen ƙofa, inda mai wucewa zai gani. Shi ya sa a tsakiyar ƙarni na 20 keke da agogo da mota suka hau bangayen Zariya da Kano, kusa da takobi da dagi. Mai gida ne ke shaida wa unguwa cewa ya samu, kuma yana tafiya da zamani.

Dagi kuma sai ka rubuta masa lokaci. Tun da daɗewa ado ne a bango da fata da tufa, daga Kano har Damagaram. A zamanin Sardauna Ahmadu Bello ne ya zama tambarin Jihar Arewa, aka riƙa karanta sarƙewar layukansa a matsayin haɗin kan al'ummu daban-daban. Don haka in ka tarar da shi a bangon da ya girmi wancan zamani, kada ka liƙa masa ma'anar siyasa. Ga kowane hoto da ka ɗauka, rubuta unguwa, da shekarar ginin in masu gida sun sani, da ko an taɓa sabunta shafen, domin sau da yawa bango tsoho ne amma zanen kansa na jiya ne.